Ƙadangarun da ke haihuwa ba namiji: tambayoyinku da amsoshinmu

Tambaya: Wani ɗalibina ya ce akwai ƙadangare a dajin Amazon da duk mata ne, suna yin ƙwai su ƙyanƙyashe ba tare da namiji ba. Gaskiya ne? (Malamin kimiyya, Zariya)

Amsa: Malam, ɗalibinka ya faɗi gaskiya. Ƙananan ƙadangaru ne masu kama da kulɓa, suna zaune cikin ruɓaɓɓen ganye a ƙarƙashin itatuwa, jikinsu ban da wutsiya kimanin santimita 4 ne. Biyu sun fi shahara: Gymnophthalmus underwoodi na Guyana da Tirinidad da Barbados, da Loxopholis percarinatum da ta bazu a faɗin Amazon. Tun 1958 masanin Rasha Ilya Darevsky ya ba da labarin irin wannan haihuwa a ƙadangarun duwatsun Armeniya.

Sirrin yana cikin kuromosom, wato zarurrukan da ke ɗauke da gadon halitta a cikin ƙwayar jiki. A bisa al'ada ƙwai yana ɗauke da rabi, maniyyi ya kawo rabi, kamar yadda 46 na mutum suke 23 daga uwa, 23 daga uba. Mace maras namiji kuwa, ƙwayar da za ta zama ƙwai kan ninka kuromosom ɗinta tukuna, misali 44 su koma 88, sannan rabon da ke biyo baya ya mayar da su 44 cif. Kowane zare yana haɗuwa ne da kwafinsa, shi ya sa 'ya ke fitowa tamkar uwarta sak. A ƙadangarun Aspidoscelis na Amurka aka nuna wannan ƙarara a 2010.

Mafi yawan ƙadangarun da ke haihuwa ba namiji daga barbarar nau'i biyu suka samo asali, ita ma G. underwoodi haka take. Ka ba ɗalibanka misali da alfadari: doki yana da 64, jaki 62, alfadari 63, zarurrukan ba sa samun abokan haɗi, don haka galibi ba ya haihuwa. Ninkawar nan ita ce ta fitar da waɗannan ƙadangaru daga wannan tarko, abin da ya cancanci a tsaya a yi mamakinsa.

Tambaya: Yaya ake ƙirga kuromosom a dabba ƙarama haka? Na gwada da tsaka, kullum lissafina sai ya bambanta. (Ɗaliba a jami'a, Kano)

Amsa: Malama, ana bukatar ƙwayoyin da ke tsakiyar rabuwa. A dabba ƙarama ɓargo kaɗan ne, don haka a haɗa da fatar cikin hanji, ko a yanki ɗan bakin wutsiya a rena ƙwayoyinsa a kwalba, wanda ya fi domin dabbar tana rayuwa. Ana sa wani magani mai suna kolcisin na 'yan sa'o'i ya tsayar da rabuwar a lokacin da zarurrukan suka dunƙule suka yi kauri. Sai a jiƙa ƙwayoyin a ruwan gishirin KCl, giram 5.6 a lita ɗaya, na minti 20 zuwa 30 su kumbura. A daskarar da su da metanol kashi 3 da asid asetik kashi 1, a haɗa shi sabo, a sauya sau uku. A ɗiga a kan gilashi mai tsabta, a bari ya bushe, a rina da Giemsa kamar minti 10, a duba da madubin ƙara girma a lamba 100 tare da mai.

Matsalarki, a ganinmu, ta ruwan gishirin ce. In bai daɗe ba zarurrukan za su cukurkuɗe, biyu su yi kama da ɗaya. In ya wuce lokaci ƙwayar ta fashe su watse, ki samu ƙasa da adadin. Kolcisin ma in ya daɗe yakan gajarta su har su zama kamar ɗigo. A ƙadangarun Amazon aikin ya fi wuya: cikin 44 na G. underwoodi, 20 ne manya, 24 ƙanana ne kamar tsakin gero, ƙurar rini ma takan yi kama da su. Kada ki yarda da ƙwaya ɗaya. Ki ɗauki hoton aƙalla 20 masu kewayayyen siffa, ki riƙe adadin da ya fi maimaituwa.

Tambaya: In an kama ɗari duk mata, ai an tabbatar ke nan? Kuma yaya ake ba su suna? (Mai karatu, Maraɗi)

Amsa: A'a, Malam, alama ce kawai. Maza na iya ƙaranci ko su ɓuya a wani lokaci na shekara, kuma macen ƙadangare takan ajiye maniyyi a jikinta tsawon watanni. Hujja ita ce a rena 'ya ita kaɗai tun daga ƙyanƙyasa har ta yi ƙwan da zai ƙyanƙyashe, a kuma duba hanyar ƙwanta a ga babu maniyyi. Haka aka yi wa G. underwoodi.

Suna kuwa yana nan ana gyara shi. L. percarinatum a rukunin Leposoma take har 2016, lokacin da binciken DNA ya mayar da ita Loxopholis. Ƙarƙashin sunan nan guda akwai masu kuromosom 44 da masu 66. Yadda aka saba samun irin wannan shi ne namijin wani nau'i na kusa ya barbari mace mai ƙwan 44, ya ƙara nasa 22. A ido kusan ba a bambanta su, don haka duk wanda ya kama ɗaya ya rubuta ainihin wurin da ya kama ta, ya ajiye ɗan naman wutsiya a cikin etanol domin DNA, ya kuma ƙirga kuromosom tun tana da rai, domin gawar da aka jiƙa a fomalin, wato ruwan maganin adana gawa, ba ta ƙirguwa.