Anti, gwajin ya nuna ba ni da komai amma na kasa barci

Assalamu alaikum Anti. Don Allah a sakaya sunana. Shekarata 29, ina sayar da kayan waya a Kano, an sa ranar aurena, saura wata ɗaya da rabi. Sati uku da suka wuce na je Legas saro kaya, shaiɗan ya ja ni na haɗu da wata da muka daɗe muna hira a Facebook. Daren farko na sa kwaroron roba, na biyu ban sa ba, don ta ce lafiyarta ƙalau, kuma a ido fes take. Da na dawo hankalina ya tashi, abokina ya kai ni kemis aka ba ni Ampiclox wai don wanke jini. Bayan sati ɗaya na je aka soki yatsana aka yi gwajin ƙanjamau, ya nuna babu. Amma shekaranjiya zazzaɓi ya rufe ni da ciwon maƙogwaro. Fitsari ba ya min zafi, ban ga ƙurji ko ɗaya ba. Anti, na tsira ko kuwa? Ba na so in cuci yarinyar da zan aura, ba ta ji ba, ba ta gani ba.

Wani ƙaninki a Kano

Wa alaikumus salam ƙanena. Batun tuba tsakaninka da Ubangijinka ne, kuma daga wasiƙarka na ga ka san hanya. Ni zan tsaya kan lafiyarka da ta amaryarka.

Gwajin da ka yi bayan sati ɗaya bai faɗa maka komai game da daren Legas ba. Na sukar yatsa ba ƙwayar cutar yake nema ba, martanin da jini ke mayar mata yake nema, shi kuwa martanin yakan ɗauki makonni kafin ya bayyana, a jikin wasu har kwana 90. Akwai wani gwajin da ake ɗibar jini daga jijiya a kai laburatare, shi ya fi saurin ganowa, kusan kowa yana nunawa cikin kwana 45. Ka fara ƙirge daga daren na biyu. Ka nemi na laburatare idan kwana 45 sun cika, wato kafin ranar ɗaurin aure, sannan ka maimaita a kwana 90 don hankalinka ya kwanta gaba ɗaya. Gwajin ƙanjamau kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Da cikin awa 72 ka rubuto min, da na tura ka asibiti a guje a ba ka maganin kariya da ake kira PEP, wanda ake sha kwana 28. Wannan lokacin ya wuce maka, na faɗa ne don masu karatu.

Zazzaɓin fa? Ba zan rufe ka ba, sabon kamun ƙanjamau yakan zo da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro sati biyu zuwa huɗu bayan saduwa. To amma maleriya da mura ma haka suke zuwa, su kuwa kullum muna fama da su. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙiyasta cewa namijin da ya sadu sau ɗaya ba kariya da macen da ke ɗauke da cutar, yiwuwar ya kamu kusan 4 ne cikin 10,000, kodayake yana ƙaruwa idan akwai gyambo a al'aura. Ke nan tsoronka ya fi haɗarin girma. Duk da haka gobe ka je wajen likita, ka gaya masa gaskiyar abin da ya faru da ranar da ya faru. Kada ka tsaya a "zazzaɓi nake ji", ya rubuta maka maganin maleriya ka dawo gida da fargabarka.

Abin da ya fi damuna shi ne ka ƙura wa ƙanjamau ido ka manta sauran, alhali sun fi shi saurin kamu. Ciwon sanyi da klamidiya (ita ma cuta ce da ake ɗauka ta saduwa) sukan zauna a jikin namiji shiru, babu zafin fitsari babu mugunya, musamman klamidiya. Idan suka shiga jikin mace suna iya toshe hanyar ƙwai, a yi shekaru ana neman haihuwa ana ɗora laifi kan aljanu ko kishiya. Waɗannan tun daga sati biyu ake iya gwada su, don haka yanzu ma lokacinsu ya yi. Tunjere kuma ƙurjinsa ba ya zafi, yakan fito wajen sati uku, ya warke da kansa, cutar tana nan cikin jini. A gwada shi a sati shida, a sake a wata uku. Sai ciwon hanta nau'in B, wanda ya fi ƙanjamau saurin yaɗuwa nesa ba kusa ba. Shi yana da allurar rigakafi, kai da amaryar duka ku tambaya.

Ampiclox ɗin nan kuwa, Allah Ya shirya abokinka. Babu wani kafso da ke wanke jini. Ba ya taɓa ƙanjamau ko ciwon hanta, ciwon sanyi kuma ya daɗe da daina jin irinsa, yanzu allura likitoci ke yi masa. Abin da yake iya yi shi ne ya danne alamu ya rikita gwaji, saboda haka ka gaya wa likitan ka sha. Ka kuma rabu da masu maganin sanyi na bakin tasha.

Saura batun aure. Tun 2024 dokar Kano ta wajabta gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da rukunin jini na sikila kafin a ɗaura aure. Kada ka yi sauri ka karɓo takardar nan yanzu ka ce an wanke ka, matsalar lokaci ɗaya ce da ta gwajinka na farko. Idan na kwana 45 ya fito lafiya kuma sauran sun fito lafiya, a sha biki. Idan na yatsa kaɗai ka samu, ko wani sakamako ya zo da matsala, to a ɗaga ranar. Na san surutun dangi da asarar kuɗin kati ba daɗi, amma ciwon sanyi da klamidiya da tunjere duk suna warkewa cikin ɗan lokaci idan an yi magani daidai, ɗagawar ba za ta yi tsawo ba. Idan kuwa aka samu wani abu, ita ma ta Legas ɗin ka sanar da ita ta je a duba ta.

Antinka