Ƙanwata, lissafin ya sani, kalmomin ne za su kā da shi

Saƙon muryarki na minti tara ya same ni a wurin aiki da tsakar dare, ina cikin juya wata tsohuwa a gado, sai da na sauka da safe na saurara. In aka tace, tambayarki guda ce: in Allah ya sa takardunku suka fito kika biyo maigidanki da yara, shin babbanki zai sha wuyar makaranta a Amurka? Tun ban buɗe baki ba kuma kin ba kanki amsa, wai ai shi ke zuwa na ɗaya a lissafi a ajinsu, lissafi kuwa ko'ina lissafi ne. Ke ce ta huɗu da ta faɗa mini haka a bana. Shi ya sa na zauna na rubuta, duk wadda ta sake tambaya in tura mata in huta.

Ni ma haka na ce lokacin da muka sauka Kolombus ta jihar Ohayo. Yaron nan nawa, kin san ba na kama sunansa, shekararsa 12, ya gama JSS 1 a Kano da sakamakon da har kawunsa ya saya masa keke. A nan shekarun haihuwa ake dubawa wajen ba da aji, sai aka sa shi aji 7. Ranar rajista aka miƙo mini takarda ana tambayar harshen da muke yi a gida, na rubuta Hausa. Daga nan aka yi masa gwajin Turanci, aka ce yana cikin masu koyon harshe, kuma duk shekara zai zauna jarrabawar da suke kira OELPA, ta karatu da rubutu da saurare da magana, har sai ya haye. Raina ya sosu, don da Turanci aka koyar da shi tun firamare. Amma gaskiya ɗaya ce, a watan farko in malama ta ce 30 shi 13 yake ji, kuma ba ya iya ɗaga hannu ya ce a maimaita.

Lissafin da ake yi a wannan matakin shi ne share fagen aljabara: lambobin da ke ƙasa da sifiri, ɓangarori, kashi cikin ɗari, da fara sa harafi a madadin lamba. Galibinsa ya taɓa gani a gida. Sai ga shi kullum yana dawowa da wata takarda guda, an zana gidaje layi 15 tsaye layi 15 kwance, kowane gida da harafi, a ƙasa an jera kalmomi kamar 20. Aikinsa ya lalubo su a cikin tarin haruffan ya zagaye, wata a kwance, wata a tsaye, wata a karkace, wata ma daga baya take farawa. Minti goma ya gama. Malama ta manna masa tauraro mai ƙyalli. Ni kuwa sakarya sai in ɗauka in liƙa a ƙofar firji ina hamdala, har hoto na tura muku, in kin tuna.

Sati shida muna haka. Da aka yi gwajin farko ya ci 11 cikin 25.

Daren nan ba zan manta shi ba. Na ciro takarda guda daga jikin firjin na aje a teburin kicin, na ɗora yatsa a kan “coefficient” da ya zagaye da jan biro, tsaf, ko harafi ɗaya bai kuskure ba. Na ce mece ce wannan? Ya ce, “Ban sani ba Umma, an dai ce in nemo.” Na nuna “variable”, shiru. Na nuna “quotient”, ya sunkuyar da kai. Sai na juya bayan takardar na rubuta 3x + 2 = 14. Ban gama aje biron ba ya ce 4. Wallahi sai da hawaye ya zubo mini. Kaza ce ta kwana a kan dami. Da na ƙara tonawa, ashe yayin da sauran yara ke aikin ranar, shi a kujerar baya ake aje shi da takardar nan don kada ya zauna haka nan.

Na duba takardar gwajin tambaya bayan tambaya, kusan duk inda ya faɗi kalma ce ta yi masa ƙafa. An ce ya nemo “product” na 6 da 4, shi kuma a darasin kasuwanci ya san kalmar, kayan sayarwa, sai ya tara ya rubuta 10, alhali ninkawa ake nufi, 24. An ce “5 less than a number”, ya bi maganar yadda ta zo ya rubuta 5 − x, amsar kuwa x − 5 ce, don Turancin kan juya abin ya sa wutsiya a gaba. Wasu ma ba laifin Turancinsa ba ne, bambancin Turancin ne. Mu na Ingila muka gada. Abin da ya sani da HCF, wato lamba mafi girma da ke raba lambobi ba saura, a nan GCF ne. BODMAS, ƙa’idar abin da ake fara yi a lissafi, da aka dasa masa da bulala a nan PEMDAS ce, domin baka biyun da muke kira “brackets” su “parentheses” suke cewa, “indices” ɗinmu kuma “exponents”. In an je gaba “gradient” za ta koma “slope”. Ga kuma tambayoyin kuɗi da awo: yaron da bai taɓa riƙe “dime” ba ta ina zai san senti 10 ce, kuma ta fi “nickel” daraja duk da ta fi ta ƙanƙanta? Inci 12 ke yin ƙafa ɗaya, oza 16 ke yin laba ɗaya, shi da ya tashi da mita da kilo. Wata maƙwabciyata ’yar Maraɗi nata ya fi nawa ciwo: ’yarta da Faransanci ta yi karatu, tana rubuta 3,5 inda ake son 3.5, kuma 1 ɗinta mai dogon baki malama na karanta shi 7.

Na je makarantar da kayan aikina a jiki, ko barci ban yi ba. Malamar ta tarbe ni da fara’a, ta ce yaro ne mai ladabi, ba ta so ta ɗora masa nauyin da zai karya masa gwiwa. Ƙila har zuciyarta haka take nufi. Amma ki riƙe wannan: murmushin mutanen nan gaisuwa ce kawai, ba alkawari ba ne. Sati ya zagayo babu abin da ya canza. Sai da na zauna na rubuta imel, na sa shugabar makarantar a ciki, na ce ina roƙon a ba ɗana aikin da ake ba kowa, a taimaka masa da kalmomi a gefe. Kwana biyu aka matso da kujerarsa gaba. A ƙasar nan maganar da ba a rubuta ba kamar ba a yi ta ba ce. Kuma ki sani kina da haƙƙin neman tafinta in ba ki gane ba, kada kunya ta sa ki riƙa gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Takardun kuwa na tattara zan yaga. Wani dattijo a masallacinmu, Bahaushen zangon Kumasi ne da ya koyar a Gana kafin ya zo nan ya kama tuƙi, shi ya hana ni. Ya ce, “Hajiya, takardar ba ta yi laifi ba, rabin aiki ta yi aka bar ta. Ta nuna masa fuskar baƙo, ba ta faɗa masa sunan garinsu ba.” Na juya maganar na ga haka ne. Yaron da ya bi harafi-harafi ya haƙo “denominator”, wato lambar ƙasa ta ɓangare, a karkace ba zai sake kuskuren rubuta ta ba, kuma in ya gamu da ita a jarrabawa gabansa ba zai faɗi ba. Iyakarta ke nan. Ma’ana kam ko ƙwaya babu a ciki.

Sai muka kafa doka a gida, bayan sallar isha’i kafin in fita aiki, minti ashirin. Duk kalmar da ya zagaye sai ya furta ta da ƙarfi, ya faɗa mini ita da Hausa, ya kawo misali daga kansa. In ya kasa, na goge da’irar. Nan fa muka sha dariya da rigima, don wasu babu su a bakinmu sai mun ƙera. “Odd” da “even” ba su ba mu wuya ba, mara da cika ne. Lambar ƙasa da sifiri muka ce bashi: kana da naira 200 ana binka 500, a ina kake? Ya ce a ramin 300. “Equation” sikelin mai nama ne, abin da ka ɗora a wannan gefe sai ka ɗora a wancan. “Variable” ta fi ba mu wahala, har ranar da na ce masa in na aike ka na ce sayo mudu kaza, nawa ke nan? Ya ce sai kin faɗa. Na ce to x ɗinka shi ne kaza. “Coefficient” kuma lambar da ke manne da kazar, mai faɗin guda nawa ce. Har yau in yana aiki ina jinsa yana cewa bari in kama kazar nan. Daga baya dattijon ya gaya mini ban yi nisa da asali ba: Alkhawarizmi, wanda ya rubuta littafinsa a Bagadaza wajen shekara ta 820, kuma daga sunan littafin kalmar aljabara ta fito, abin da ba a sani ba “shai’un” yake kiransa, wato abu.

Bayan wata guda na juya wasan. Sai in naɗe ƙasan takardar in ɓoye jerin kalmomin, in rubuta masa bayani da Hausa, kamar “amsar da ake samu in an raba”, shi zai tuno kalmar sannan ya farauto ta a cikin haruffa. Can gaba shi ya koma zana mini nasa a takarda mai gidaje, yana ɓoye kalmomi da mugunta, ni da na kwana a tsaye ina lalube yana ƙyalƙyala dariya. A nan ne abin ya zauna masa, don ba ka iya ɗana wa wani tarko da kalmar da ba ka sani ba.

Wata rana muna magana da Hajiyarmu ta bidiyo ta hango ɗaya a jikin firji, ta ce wane malami ne ya yi muku hatimi a ƙasar Turawa? Na yi dariya har na ƙware. Amma na ji daɗin tambayar, don ta sa na ba yaron labarin Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, Bakatsinen da ya yi rubutu a 1732 kan yadda ake jera lambobi a gidaje su ba da jimla ɗaya ta kowane gefe, ya rasu a Alƙahira a 1741. Na ce masa kada wani ya sa ka ji kamar a nan aka fara zana gidaje ana lissafi.

Za ki ce duk wannan ɗaga hankali a kan aji 7? Abin da ba wanda zai kira ki ya gaya miki shi ne, a nan lissafi tsani ne, kuma a shekarun nan ake raba yara. Wanda aka ga ya ƙware sai ya shiga aljabara ta farko a aji 8, saura sai aji 9. Bayanta akwai jometiri, da aljabara ta biyu, da share fagen kalkulas, sannan kalkulas. Ƙirga da yatsunki: wanda ya fara a aji 9, makaranta ta ƙare masa a aji 12 bai taka matakin ƙarshe ba, sai in ya haɗa biyu a shekara ɗaya ko ya yi karatun hutun bazara. Yaron da kike cewa injiniya zai zama, wannan ba ƙaramin abu ba ne gare shi. A Ohayo ma jarrabawar jiha ta aljabara ta farko tana cikin abubuwan da ake dubawa kafin a ba yaro shaidar gama sakandare. Nawa ya shiga a aji 8. Ba zan ɓoye miki ba, ranar da takardar ta zo na yi ta zagaye falo ni kaɗai. Babu mai koyarwar da na biya ko dala ɗaya, ba don ba na so ba, don ba ni da ita.

Ke ma kada ki ɗauka kin tsira. Kin ce kina son karatun jinya in kin zo. Kwalejojin nan kan yi gwajin tantancewa, kuma na ga manyan mata masu digiri daga gida an mayar da su ajin share fage, suna biyan kuɗi a kan darasin da ba a ƙirga shi cikin na shaida, saboda kalmomin nan dai.

Don haka kada ki jira biza. Zan turo miki takardu goma ta WhatsApp, ki kai shago a buga miki, ki naɗe ƙasan kamar yadda na faɗa. Kada ki bar shi da su shi kaɗai ki tafi kallo, in kika yi haka kin zama malamar can. Ki karɓo sakamakonsa na kowane zango da hatimin makaranta, ki haɗa da littafin aikinsa na lissafi ko ya yage, don shi za ki aje a gaban duk wanda ya ce a mayar da shi baya. Waɗannan a jakar hannu za ki sa su, ba cikin akwatin da kike shirin cikawa da atamfa ba. In da sauran wuri ki sako mini kuka da daddawa, a busar da su sosai, kuma ki bayyana su a takardar kwastan in kun sauka. Ki gaida Hajiya, ki ce mata hatimin yana nan a firji.