Yaro ya rame bayan yaye: tamowa ce ko haƙora?

'Yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Kin ce watansa 14, kin yaye shi saboda sabon ciki, yanzu ya rame, ga zawo, kuma rumbu ya yi ƙasa. Don Allah kada ki jingina wannan ga haƙora.

Danna bayan ƙafarsa da yatsa, ki ƙirga uku. In gurbin ya zauna a ƙafafu biyun, kumburin tamowa ne, yau ɗin nan ki kai shi likita. A CSI, wato ƙaramar likita ta yankinku, za su auna damtsensa da zaren awo mai launuka. Ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. In haka ne, za su ba ki Plumpy'Nut, wato abincin gyaɗa na musamman na yara masu tamowa, kuma maganinsa ne shi kaɗai, kada a raba wa yayyensa, duk da na san abin da wuya ana kallon ki.

Kunun gero tsurarsa ruwa ne kawai a cikin yaro. Ki yi shi da kauri, ki zuba garin ƙuli-ƙuli ko na wake, da zogale, wanda ba mu rasa shi a Maraɗi, da ɗan mai, kaɗan-kaɗan sau biyar a yini.

Ke ma kina ciyar da wani a ciki. Ki je awo, ki karɓi ƙwayoyin ƙarin jini.