Sanyi ya sandarar da ƙanena har aka fara salati, sai ga shi ya farfaɗo

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ƙanena masunci ne a tabkin Tabalak. Cikin watan Janairu kwalekwalensa ya kife da asuba. Ya samu ya fito, amma ya daɗe kwance a bakin ruwa da jiƙaƙƙun kaya, iskar hunturu na kaɗa shi. Da aka tsince shi ya sandare, ko karkarwa ba ya yi, har wasu suka fara salati. Sai a asibiti ya farfaɗo. Yaya haka ta faru, kuma me ya kamata mu yi masa tun a can? Daga mai karatu a Tahoua.

Amsa: Malam, barka da arziki, Allah ya ƙara masa lafiya. Mu mutanen ƙasar zafi mun raina sanyi, alhali ba sai da ƙanƙara yake kisa ba. Jiƙaƙƙiyar riga da iska sun isa, domin ruwa na zuƙe ɗumin jiki fiye da iska kusan sau 25.

Zafin jikin mai lafiya digiri 37 ne. In ya sauka ƙasa da 35, mutum ya shiga haɗari: haƙora na kaɗawa, magana na sarƙewa, yatsu ba sa iya ɓalle maɓalli. Karkarwar nan dabarar jiki ce ta samar da zafi. Shi ya sa rashinta ya fi tayar mini da hankali a labarinka, don wajen digiri 30 zuwa 32 take ɗaukewa, alamar jiki ya gaza. Ƙasa da 28 zuciya na iya tsayawa kowane lokaci.

Amma sanyin da ke neman kashe shi, shi ne kuma ya kare ƙwaƙwalwarsa. Jiki in ya yi sanyi buƙatarsa ta iskar oksijin tana raguwa, a digiri 28 takan koma kusan rabi. Numfashi ya yi ƙasa, bugun jijiya ya ɓuya, mai kallo ya ce rai ya yi halinsa. A 1999 wata likita 'yar Suwidin, Anna Bågenholm, ta yi minti 80 cikin ruwa ƙarƙashin ƙanƙara a ƙasar Norwe. Zafin jikinta ya sauka zuwa 13.7, zuciyarta ta tsaya, aka ɗumama jininta da na'ura a asibitin Tromsø, ta rayu har ta koma aiki. Saboda haka ina roƙon jama'a: gaggauta jana'iza abu ne mai kyau, amma wanda aka tsinta cikin sanyi kada a rufe masa fuska sai ma'aikacin lafiya ya ɗumama shi ya duba. Ko mu mukan yi minti guda cur muna laluben alamar rai kafin mu ce babu.

A bakin tabkin, abin yi shi ne a ɗauke shi a kwance, a hankali kamar ana ɗauke da ƙwai, don jijjiga na iya rikita bugun zuciyar da ta yi sanyi. A kai shi inda babu iska, a yanke jiƙaƙƙun kayan da almakashi ko wuƙa maimakon kokawar tuɓe su. A shimfiɗa tabarma da bargo a ƙasansa, a lulluɓe shi har kai. A zuba ruwan ɗumi a gora, a naɗe da zane, a sa a ƙirji da hammata.

Inda masu ƙauna suke kuskure shi ne murza ƙafafu da hannuwa, ko tsoma mutum cikin ruwan zafi, ko manna shi da wuta. Hakan na buɗe jijiyoyin fata, jini mai sanyi ya kwarara zuwa zuciya, ga fatar da ta mutu da sanyi tana ƙonewa bai ji ba. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki kuwa wata guba ce daban, iskarsa ba ta da wari. Shayi mai sukari ko kunu sai in yana cikin hayyacinsa, yana iya haɗiya da kansa. In babu numfashi sam, a fara danna ƙirji, kada a daina har a isa asibiti.

Shi kuma ƙanen naka, ku sa masa ido makonnin nan. Tari da zazzaɓi na iya nuna ruwa ya shiga huhu, ƙarancin fitsari kuma ƙoda ce ke kuka, ko wanne ya bayyana ku mayar da shi asibiti. Ranar da zai koma su, ya ƙulle busasshiyar riga cikin leda ya ajiye a bakin gaɓa.