Kada ki yi gaggawar yaye shi

'Yar'uwa, kin ce ɗanki wata 16, ga ciki wata 3, kuma ana matsa miki ki yaye shi wai nonon mai ciki yana sa yaro zawo. Ki kwantar da hankalinki, nonon bai lalace ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma shekara 2 ko fiye take ba da shawarar a shayar. Sai dai idan cikin ya kai wajen wata 4 zuwa 5 nonon zai ragu, ɗanɗanonsa ya sauya, wasu yaran su bari da kansu. Ki ƙara masa kunun gyaɗa da ƙwai, ke ma ki ci sosai, ki sha maganin ƙarin jininki. Amma idan kina ganin jini, ko kin taɓa haihuwar bakwaini, ki gaya wa ma'aikaciyar awo tukuna. Allah ya raba lafiya.