Masu Karatu Sun Tambaya: Ƙara shekarun sayen taba zai hana yaranmu sha?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a nan Damagaram. Kowace safiya ina wucewa ta gaban wani mai tebur, kuma da idona nake ganin ɗalibai suna miƙa masa ƴan canjinsu ya ba su sigari kara ɗaya, su cusa a aljihu kafin su shiga aji. Na ji an ce wasu ƙasashe sun ɗaga shekarun sayen taba daga 18 zuwa 21. Shin idan aka yi haka a Nijar zai yi amfani?
Daga wani malami, unguwar Zango.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka ji gaskiya ne. Amurka ta mayar da shekarun 21 a faɗin ƙasar a watan Disamba na 2019, bayan jihohin Hawai da Kalifoniya sun riga sun yi haka a 2016. A nahiyarmu ma Uganda ta yi a 2015, Habasha kuma a 2019.

Hujjarsu tana da ƙarfi. A Amurka an gano cewa kusan mutum 9 cikin 10 na manyan mashaya taba sun fara ne tun ba su wuce shekara 18 ba, kuma likitoci sun ce ƙwaƙwalwa ba ta gama nuna sai wajen shekara 25, shi ya sa sinadarin nikotin yake saurin kama yaro ya ƙi sakin sa. Sannan ɗan shekara 15 sau da yawa ba shi ke saye da kansa ba. Abokinsa ɗan 18 da suke makaranta ɗaya ne yake sayo masa. Idan aka kai 21, wanda doka ta yarda ya saya ya riga ya bar wannan da'irar. Duk wanda ya taɓa zama a fada da dare, ana dafa shayi, ya ga yadda kara ɗaya yake zagayawa daga hannun babba zuwa na ƙarami, zai fahimci wannan ba sai an yi masa dogon bayani ba. A 2015 wata babbar cibiyar likitanci ta Amurka ta ƙiyasta cewa matakin zai rage yawan mashaya da kashi 12 cikin 100 a tsawon lokaci.

Sai dai, Malam, tambayarka da kanta ta nuna inda gizo yake saƙa. Nijar tana da dokar yaƙi da shan taba tun watan Mayu na 2006, kuma ta riga ta hana sayar wa wanda bai kai 18 ba. Ke nan yawancin ɗaliban da kake gani a gaban tebur, dokar da ke ƙasa yanzu ma ta isa ta kare su da ana aiki da ita. A ƙasashen da matakin ya yi tasiri, ana sayar da taba a shago mai lasisi, ana duba katin shaida, wanda ya saɓa kuma a ci shi tara. Mu a nan wane mai tebur ne zai ce wa yaro ya nuna takarda, alhali yara da yawa ko takardar haihuwa ba su da ita? Ga kuma al'adar aike, wadda a ganina ta fi kome ɓata lamarin: uba ko yaya ya ba yaro kuɗi ya ce je ka sayo mini, daga nan mai tebur ba ya iya bambance ɗan aike da mai sayen na kansa, yaron kuma ya saba da hanya.

Ina goyon bayan a kai shekarun 21, amma da za a tambaye ni abin da ya kamata a fara, sai in ce hana sayar da kara ɗai-ɗai. Kwali mai kara 20 ya fi ƙarfin kuɗin tara na ɗalibi, kara ɗaya kuwa bai fi ba. Yarjejeniyar yaƙi da taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda Nijar ta amince da ita a 2005, a sashe na 16 ta buƙaci ƙasashe su yi ƙoƙarin hana irin wannan ciniki, domin shi ke sa taba ta yi wa yara araha.

Kafin hukuma ta motsa, ka kai maganar gaban shugaban makaranta da ƙungiyar iyayen ɗalibai, ku nemi mai unguwa ya raka ku wurin mai teburin. Kada ku je masa da faɗa, domin shi ma abincinsa yake nema. Ku roƙe shi ya daina ba duk mai ɗauke da jakar makaranta, ko da ya ce aiko shi aka yi.