Nawa ake biyan masu sanya lambobin cuta a asibitocin Amurka?

Tambaya: Ƙanena yana Amurka, an ba shi shawara ya koyi aikin sanya lambobin cuta da tura takardun neman kuɗi ga kamfanonin inshora. Nawa ake samu, kuma me ke sa wani ya fi wani albashi?

Amsa: Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka, BLS, tana lissafa masu sanya lambobi cikin ma'aikatan bayanan marasa lafiya. A ƙididdigarta ta Mayun 2024, albashin na tsakiyarsu dala 50,250 ne a shekara, kusan dala 24 ke nan a awa. Rabinsu ba su kai haka ba, kuma a cikin wannan rabin sabon shiga yake farawa. Ba a cire haraji ba tukuna, don haka kada a yi lissafin dokin Rano.

Aikin biyu ne. Mai sanya lamba shi ke karanta rubutun likita ya mayar da shi lambobi: hawan jini I10 ne a tsarin lambobin cututtuka na ICD-10-CM, abin da likita ya yi wa mara lafiya kuma yana da tasa lambar a wani tsarin mai suna CPT. Mai tura takarda ya aika wa inshora, in sun ƙi biya ya bi sawu. Na farkon ya fi samu yawanci, domin lamba ɗaya ta kuskure tana iya hana asibiti kuɗinsa. Shi ya sa wurare da yawa suke son daidaitonsa ya kai kashi 95 cikin 100.

Abin da ke ɗaga albashi shi ne satifiket da irin takardun marasa lafiya da mutum yake aiki a kansu. Satifiket ɗin CPC na AAPC, ƙungiyar masu sanya lambobi, ya fi tafiya a ɗakunan ganin likita. Satifiket ɗin CCS na AHIMA, ƙungiyar ma'aikatan bayanan lafiya, shi ke buɗe ƙofar takardun waɗanda aka kwantar a asibiti, inda ake aiki da ICD-10-PCS, lambobin abin da aka yi wa wanda aka kwantar, kuma nan kuɗin ya fi tsoka. Jiha ma tana da nata: Kalifoniya ta fi Misisipi biya, amma kuɗin haya yana cinye bambancin.

Ga inda ake yawan yin tuntuɓe. Wanda ya ci jarrabawar CPC bai taɓa aiki ba, CPC-A ake ba shi, alamar ɗan koyo. Sai ya yi shekara 2 yana aiki, ko ya haɗa da horon da AAPC ta amince da shi, kafin a cire wannan A ɗin. Aiki daga gida da makarantu ke tallatawa kuwa, ƙwararru aka fi ba wa. Don haka ƙanenka ya karɓi aikin tura takardu ko na teburin karɓar marasa lafiya tukuna, daga nan ya nemi a mayar da shi sashen lambobi.